Masaukin Shafin Intanet da Yadda Ake Zaɓen Mai Masauki

1.0 Gabatarwa

A da can, idan malamin Hausa ya tsara darasi, ko ya tattara karin magana da tatsuniyoyi daga bakin dattawa, iyakar inda aikinsa zai kai ita ce allon aji da takardun da aka gurza wa ɗalibai. A yau kuwa kwalejojin ilimi da jami'o'i, har ma da makarantun sakandare, suna buɗe shafuka a intanet inda ake sanya jadawalin darussa da sakamakon jarrabawa da littattafai da muryoyin da aka naɗa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ke wani wuri a duniya, kuma galibi kwamfutar mallakar wani kamfani ce da ake biya kuɗin haya. Idan kamfanin ya rufe, ko gobara ta tashi a gininsa, ko aka manta da biyan kuɗi, ana iya wayar gari a tarar aikin shekaru ya salwanta. Saboda haka wannan darasi zai yi bayani a kan ma'anar masaukin shafin intanet da ire-irensa, da kuma ma'aunan da ya kamata malami ko makaranta su bi kafin su damƙa amanar aikinsu ga wani kamfani.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar masaukin shafin intanet;
ii. bambance tsakanin sunan shafi da masaukinsa;
iii. kawo ire-iren masauki da wanda kowanne ya dace da shi;
iv. jero ma'aunan zaɓen mai masauki, musamman ga shafin da aka rubuta da Hausa.

3.0 Ma'anar Masaukin Shafi

A zamanin fataucin goro, falke idan ya isa zango a gari kamar Salaga yakan sauka a wurin fatoma. Fatoma shi ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kayansa, ya kuma haɗa shi da masu saye, sannan a biya shi ladarsa. Kaya na falke ne, amma gida da tsaro na fatoma ne. Kusan irin wannan dangantaka ce ke tsakanin mai shafin intanet da kamfanin da ke ba shi masauki.

Masaukin shafi, ke nan, hidima ce ta ajiye fayilolin shafi a cikin wata kwamfuta mai ƙarfi wadda ke haɗe da intanet dare da rana, domin duk wanda ya nemi shafin ya same shi. Irin wannan kwamfuta ana kiranta sabar. Ana jera sabar masu yawa a cikin gine-gine na musamman da ake kira cibiyoyin bayanai, inda ake tanadar wutar lantarki da ba ta yankewa, da batura da injinan ba da wuta, da na'urorin sanyaya ɗaki, da masu gadi. Wannan ne dalilin da ya sa makarantu da yawa ba su ajiye shafinsu a kwamfutar ofis, domin da zarar an ɗauke wuta shafin ya ɓace wa kowa.

Shafin farko a duniya ma a kan kwamfutar ofis ya zauna. Tim Berners-Lee, masanin kimiyya ɗan Ingila, shi ne ya gabatar da tsarin yanar gizo a shekarar 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba. Ya ajiye shafin farko a kan kwamfutarsa ƙirar NeXT, aka kuma buɗe shi ga jama'a a shekarar 1991. Da shafuka suka yawaita sai aikin ajiye su ya zama sana'a mai zaman kanta.

3.1 Suna da Masauki

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su tayar da shafi. Na farko shi ne abin da ke cikinsa, wato rubutu da hotuna da muryoyi. Na biyu shi ne masauki. Na uku kuma shi ne sunan shafi, wato adireshin da mutum ke rubutawa a burauza. Mutane kan haɗa na biyu da na uku su ɗauke su abu guda, alhali kuwa kowanne da rajistarsa da kuɗinsa, ko da kamfani ɗaya ne ya sayar da su.

Kowace sabar tana da lambar da ake gane ta da ita a intanet. Tun da yake haddace lambobi yana da wuya, sai aka ƙirƙiro tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a shekarar 1983, domin ya riƙa mayar da suna zuwa lamba. Idan ɗalibi ya rubuta sunan shafin kwalejinsa a wayarsa, wayar za ta fara tambayar DNS lambar sabar da ke ɗauke da shafin. Da ta sami lambar sai ta aika da buƙata ga sabar, ita kuma sabar ta turo fayiloli, burauza ta shirya su a fuskar waya. Duk wannan yakan faru cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1998, ita ce ke daidaita tsarin sunaye a duniya. Kowace ƙasa tana da haruffanta na ƙarshen suna: Nijeriya .ng, Nijar .ne, Gana .gh, Kamaru .cm. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen .ng, kuma an keɓe .edu.ng ga manyan makarantu, .gov.ng ga hukumomin gwamnati. Abin lura a nan shi ne, ba a sayen suna a mallake shi har abada. Hayarsa ake yi na shekara ɗaya ko fiye, kuma idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, bayan ɗan lokaci wani yana iya yi masa rajista ya zama nasa.

4.0 Ire-iren Masauki

Ana iya karkasa masauki gida biyar kamar haka:

4.1 Masaukin Haɗaka

A nan ana ajiye shafuka masu yawa a kan sabar guda, suna raba ƙarfinta a tsakaninsu, tamkar masu haya a gida mai ɗakuna da yawa da ke amfani da rijiya ɗaya. Shi ne mafi arha, kuma kamfani ne ke kula da gyara da tsaro. Illarsa ita ce, idan shafin maƙwabci ya cika da baƙi, sauran shafuka suna iya yin nauyi. Ya dace da shafin malami guda ko na ƙaramar makaranta.

4.2 Masaukin Keɓaɓɓen Sashe

Wannan shi ne ake taƙaita sunansa da VPS. Ana amfani da manhaja a raba sabar guda zuwa sassa, kowane sashe yana aiki kamar kwamfuta mai cin gashin kanta, da nasa rabo na ƙarfi da ma'aji. Ya fi na haɗaka tsada, kuma sau da yawa yana buƙatar wanda ya ƙware wajen sarrafa sabar. Ya dace da sashen da ke gudanar da darussa ta intanet.

4.3 Masaukin Sabar Sukutum

A nan ana ba abokin ciniki sabar guda shi kaɗai. Yana da cikakken iko a kanta, amma kuɗin yana da yawa, haka ma ɗawainiyar kulawa. Manyan hukumomi ne suka fi amfani da shi.

4.4 Masaukin Gajimare

Maimakon dogaro da sabar guda, a wannan tsari ana rarraba aikin a kan kwamfutoci masu yawa, a kuma biya gwargwadon abin da aka yi amfani da shi. Ya bunƙasa ne bayan da kamfanin Amazon ya buɗe irin wannan hidima a shekarar 2006, daga bisani Google da Microsoft suka biyo baya. Amfaninsa shi ne ana iya ƙara ƙarfi a lokacin cunkoso, kamar makon rajistar ɗalibai, a rage bayan an gama. Haɗarinsa kuwa shi ne kuɗin wata yana iya zarce abin da aka yi tsammani idan ba a sa ido ba.

4.5 Masaukin Kyauta

Akwai kamfanonin da ke ba da wuri ba tare da karɓar kuɗi ba. Galibi sukan sanya tallace-tallace a shafin, su liƙa sunansu a jikin adireshinsa. Yana da amfani wajen koyo da gwaji, amma mai shafi ba shi da wani haƙƙi mai ƙarfi da zai kafa hujja da shi ranar da kamfanin ya ga damar rufewa.

5.0 Ma'aunan Zaɓen Mai Masauki

Kafin a duba tallar kowane kamfani, wajibi ne a fara rubuta buƙatun shafin: me za a sa a ciki, su wane ne za su ziyarce shi, kuma wa zai kula da shi. Bayan haka sai a auna kamfanoni da waɗannan ma'aunai.

5.1 Girman Ma'aji da Zirga-zirgar Bayanai

Ma'aji shi ne yawan wurin da aka ba shafi, zirga-zirga kuma ita ce yawan bayanan da baƙi ke ɗauka daga shafin a wata. Rubutu ba ya cin wuri, domin littafi mai kalmomi 50,000 idan rubutu ne zalla ba ya kai megabait ɗaya. Murya kuwa, idan an naɗe ta a tsarin MP3 mai matsakaicin inganci, tana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, bidiyo kuma ya ninka haka sau da yawa. Kamata ya yi a yi hattara da kalmar "babu iyaka" a cikin talla, domin galibi akwai sharaɗin da ya taƙaita ta a cikin takardar yarjejeniya.

5.2 Dawwamar Aiki

Kamfanoni sukan bayyana alƙawarin dawwamar aikinsu da kashi cikin ɗari. Shekara tana da sa'o'i 8,760. Alƙawarin kashi 99.9 yana nufin shafi zai iya tsayawa na kusan sa'o'i 9 a shekara, na kashi 99 kuwa yana nufin kusan sa'o'i 88, wato fiye da kwana uku da rabi. Idan waɗannan kwanaki suka faɗo a makon fitar da sakamako, asarar ba ƙarama ba ce. Don haka a duba ko alƙawarin yana rubuce a yarjejeniya, da kuma irin diyyar da ake biya idan an saɓa.

5.3 Kwafin Ajiya

Ana bukatar sanin ko kamfani yana ɗaukar kwafin shafi, sau nawa yake ɗauka, tsawon wane lokaci yake ajiye shi, a ina yake ajiye shi, kuma ko ana biyan kuɗi kafin a maido da shi. Kwafin da aka ajiye a gini ɗaya da asalin shafi ba ya kare shi daga gobara ko ambaliya.

5.4 Tsaro

Shafin da adireshinsa ya fara da HTTPS yana ɓoye bayanan da ke wucewa tsakaninsa da mai ziyara. Tun daga shekarar 2018 burauzar Chrome take nuna gargaɗi a kan shafukan da ba su da wannan kariya. Ƙungiyar Let's Encrypt ta fara ba da shaidar tsaron kyauta a shekarar 2015, kuma kamfanonin masauki da dama suna haɗa ta da hidimarsu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Makarantar da ke tattara sunaye da hotuna da makin ɗalibai tana da ƙarin nauyi a kanta, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su.

5.5 Dacewa da Manhaja da Haruffan Hausa

Ƙananan shafuka da yawa ana gina su ne da WordPress, wadda ta fito a shekarar 2003, darussan intanet kuma da Moodle, wadda Martin Dougiamas na ƙasar Ostiraliya ya fitar a shekarar 2002. Dukkansu suna buƙatar harshen PHP da rumbun bayanai irin MySQL, don haka sai a tabbata masaukin yana da su.

Ga malamin Hausa akwai wani ma'auni na musamman, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a rubutun Nijar. Waɗannan haruffa suna cikin tsarin Unicode, kuma suna fitowa daidai idan an saita shafi da rumbun bayanansa a kan UTF-8. Idan aka bar rumbun a kan tsohon tsarin da aka yi wa harsunan yammacin Turai, haruffan sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Idan kuma aka zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, sai "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki", "ɓata" ta koma "bata". A shafin da ke koyar da ƙa'idojin rubutu wannan babban aibi ne. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a rubuta jimla mai ɗauke da dukkan haruffan, manya da ƙanana, a ajiye ta, sannan a buɗe ta a wayoyi daban-daban tun a kwanakin gwaji.

5.6 Wurin da Sabar Take

Gwargwadon nisan sabar daga mai karatu, gwargwadon jinkirin isowar bayanai. Shafin da ke zaune a Turai ko Amurka yana isa Afirka ta Yamma ne galibi ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. A watan Maris na shekarar 2024 wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya jawo tsaikon intanet a ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya da Gana. Wannan ya nuna amfanin tambayar kamfani ainihin ƙasar da sabarsa take, domin akwai kamfanonin gida da ke sayar da wurin da su ma suka yi haya a ƙetare.

5.7 Kuɗi da Agaji

Farashin da ake tallatawa sau da yawa na shekarar farko ne kawai, na sabuntawa ya fi shi. Haka kuma a duba da wane kuɗi ake biya. Faɗuwar darajar naira a shekarun 2023 da 2024 ta sa masu biya da dala sun ga kuɗin hayarsu ya hauhawa ƙwarai, alhali ba a ƙara musu komai ba. Dangane da agaji kuwa, yana da kyau a aika wa kamfani tambaya tun kafin a biya, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya amsa, da kuma ko amsar ta gamsar.

5.8 Mallaka da 'Yancin Ƙaura

Wannan shi ne ma'aunin da aka fi sakaci da shi. Sau da yawa makaranta takan ɗauki wani ya gina mata shafi, shi kuma ya yi rajistar suna da masauki da sunansa da adireshin imel ɗinsa. Ranar da aka saɓa, ko ya bar gari, makaranta ba ta da mabuɗin shafinta. Dole ne rajista ta kasance da sunan makaranta, da imel na ofis wanda ba ya bin mutum idan an yi masa canjin wurin aiki, kalmomin sirri kuma su kasance a hannun aƙalla jami'ai biyu. Sannan a tabbata kamfani yana barin abokin ciniki ya kwashe fayilolinsa da rumbun bayanansa ya koma wani wuri idan ya so.

6.0 Darussa Biyu Daga Tarihi

GeoCities kamfani ne da aka kafa a Amurka a shekarar 1994, wanda ya ba miliyoyin mutane masauki kyauta. Kamfanin Yahoo ya saye shi a shekarar 1999, ya kuma rufe hidimarsa ta Amurka a watan Oktoba na shekarar 2009. Masu aikin sa kai da cibiyar Internet Archive sun yi ƙoƙarin ceto abin da ya sawwaƙa, amma waɗanda ba su kwashe kayansu ba sun koma dogaro da abin da wasu suka tsinto musu.

Misali na biyu ya shafi masu biyan kuɗi. A watan Maris na shekarar 2021 gobara ta tashi a cibiyoyin bayanai na kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani kuma ya lalace, miliyoyin shafuka suka tsaya. Abokan cinikin da suke da kwafi a wani wuri sun tayar da shafukansu, wasu kuwa da kwafinsu yake a wurin da ya ƙone sun rasa bayanansu. Darasin da ke cikin misalan biyu shi ne, ko masauki na kyauta ne ko na kuɗi, wajibi ne mai shafi ya riƙe kwafinsa a hannunsa, ya kuma riƙa sabunta shi a kai a kai.

7.0 Misalin Aiwatarwa

A ɗauka cewa Sashen Hausa na wata kwaleji yana son buɗe shafi da zai ƙunshi takardun darasi 40, kowace megabait 2, da muryoyin tatsuniyoyi da hirarraki na sa'o'i 100. Takardun za su ci megabait 80. Muryoyin, a kan megabait 60 kowace sa'a, za su ci megabait 6,000, wato kusan gigabait 6. Ke nan ma'aji mai gigabait 10 ya wadatar a farko. Amma idan ɗalibai 500 suka saurari sa'o'i 4 kowannensu a wata, zirga-zirgar za ta kai megabait 120,000, wato kusan gigabait 120. A nan za a ga cewa abin da sashen ya fi buƙatar tambaya a kai shi ne iyakar zirga-zirga da kuɗin da ake ƙarawa idan an zarce ta. Sashen yana iya rage nauyin muryoyin, tun da magana ba ta buƙatar inganci irin na kiɗa, wanda hakan zai kuma sauƙaƙa wa ɗalibai kuɗin data. Kuma tun da wasu dattawan da aka naɗi muryoyinsu ba lalle a sake samunsu ba, ya kamata asalin muryoyin ya kasance a ajiye a wurare biyu daban a hannun sashen.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa masaukin shafi haya ce ta wuri a kwamfutar wani, kuma ya bambanta da sunan shafi. An kawo ire-iren masauki guda biyar, da ma'aunai takwas na zaɓe. An kuma nuna cewa arha kaɗai ba ta isa hujjar zaɓe ba. Malamin da ya tabbatar rajista tana da sunan makarantarsa, haruffan Hausa suna fitowa daidai, kuma kwafin aikin yana hannunsa, zai iya sauya mai masauki a duk lokacin da bukata ta taso ba tare da ya yi asarar komai ba.

9.0 Auna Fahimta

1. Mene ne masaukin shafin intanet? A bambance shi da sunan shafi.
2. A kawo ire-iren masauki guda uku tare da amfani da illar kowanne.
3. Sa'o'i nawa shafi zai iya tsayawa a shekara idan alƙawarin dawwamarsa kashi 99.5 ne?
4. Wace matsala haruffa masu lanƙwasa ke fuskanta a intanet, kuma yaya ake gwada ta?
5. Wane darasi makaranta za ta koya daga rufe GeoCities da gobarar Strasbourg?

10.0 Jinga

Ɗalibi ya zaɓi makarantar da ya yi koyarwar gwaji a cikinta, ya rubuta buƙatun shafin da ya dace da ita, ya lissafa ma'aji da zirga-zirgar da za ta buƙata, sannan ya tsara tambayoyi goma da zai yi wa kamfanin masauki kafin a sa hannu a yarjejeniya.